Mark Twain da Surukansa 'Yan Gidan Langdon

Tambaya: Malam, na ji ana cewa kuɗi Mark Twain, marubucin nan ɗan Amurka, ya bi ya auri 'yar attajirai. Gaskiya ne? Kuma me auren ya tsinana masa?

Amsa: Cewa 'yar masu hali ce, wannan babu ja. Olivia Langdon ɗiyar Jervis Langdon ce, attajirin da ya yi arziki da cinikin kwal a garin Elmira na jihar New York. Amma zancen kwaɗayi ban yarda da shi ba.

A 1867 ne Twain, wanda sunansa na yanka Samuel Clemens, ya haɗu da ƙanenta Charles a jirgin ruwa, shi kuma ya nuna masa ɗan hotonta. Da ya fara neman aurenta ƙi ta yi, sai daga baya ta amince. Uban ya bincika halinsa wurin mutanen da suka san shi, labarin ya dawo ba daɗi, duk da haka ya ba shi. Aka ɗaura aure ran 2 ga Fabrairu 1870. Surukin ya ba su gida a Buffalo har da kayan ɗaki, bayan ya riga ya ranta masa kuɗin sayen kaso a jaridar Buffalo Express.

Abin da ya fi gidan nan daraja a wurina shi ne irin mutanen da ya shiga cikinsu. Twain a Hannibal ta jihar Missouri ya tashi, inda ake bauta, mahaifinsa ma ya mallaki bayi. Su kuwa 'yan Langdon maƙiya bauta ne na gaske, suna taimakon bayin da suka tsere, Frederick Douglass ma, wanda ya tsere daga bauta ya zama jagoran yaƙi da ita, abokinsu ne. A gonar Quarry Farm da ke Elmira, yayar Olivia, Susan Crane, ta gina masa ɗan ɗaki mai kusurwa takwas a kan tudu a 1874. Can ya rubuta mafi yawan Huckleberry Finn, labarin yaron da ya tsaya wa bawa mai gudu. Ina ganin hannun surukan a ciki. Olivia kuma ita ke karanta rubutunsa kafin ya tafi maɗaba'a.

Kuɗin kuwa, shi ya ci nata. Ya zuba dukiyarsa da gadonta a wata na'urar jera haruffan ɗab'i ta wani mai suna Paige wadda ba ta yi kasuwa ba, kamfaninsa na ɗab'i ya karye a 1894. Aka mayar da haƙƙin littattafansa da sunan Olivia don kada masu bashi su kwashe. Ita ce ta dage a biya kowa cif, shi ya sa ya zagaya duniya yana lacca daga 1895 zuwa 1896, aka gama biya a 1898.