Me ya sa likita ya nace a yi wa Baba aiki a hannu?

Ƴar'uwa, kin ce Baba yana wankin ƙoda ta bututun wuya, kina tambayar amfanin aikin hannu. Likitan ya yi gaskiya. Bakin bututun nan yana daf da zuciya, ga zufa da ƙurar Maradi. Ƙwayar cuta na samun hanya sai cikin jini.

A 1960 wani likita, Belding Scribner, ya sa bututun wankin ƙoda a hannu, amma yakan toshe ko ya ruɓe. Sai a 1966 likitoci Cimino da Brescia, a Amurka, suka haɗa jijiyar da ke fito da jini daga zuciya da mai mayar da shi, a wuyan hannu. Har yau da dabararsu ake aiki, ita ce ake so a yi wa Baba. Jijiyar kan yi kauri cikin mako 6 zuwa 8, ta ɗauki allura biyu don wankin, awa 4, sau 3 a mako.

Kula da ita kuwa aikinku ne. Kowace safiya ki ɗora yatsa a kan jijiyar, za ki ji tana zirr. Kada a auna hawan jini ko a ɗebi jini a hannun, kada ya kwanta a kan hannun ko ya ɗaura agogo. In zirr ɗin ya ɗauke, jini ya daskare. A kai shi asibiti ranar, kada a kwana.