Tambaya da Amsa: Wai me malaman Buda suka yi wa masu ƙanjamau a Tailan?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, ya aiki ya iyali. Ni ɗaliba ce a makarantar koyon aikin lafiya kuma ina ɗan aikin sa-kai a unguwarmu. Malaminmu ne yace wai a ƙasar Tailan malaman addinin Buda, masu aske kai ƙwal ɗin nan suna yafa mayafi ruwan goro, sun taimaka sosai wajen yaƙi da ƙanjamau. Ni dai abun ya ɗaure min kai, mutanen da ko aure basa yi me suka sani akan wannan ciwon? Kuma meye aikin ƴan sa-kai a ciki?
Ƙanwarki daga Zariya

AMSA: Wa'alaikumussalam ƙanwata, Allah ya bada sa'ar karatu. Malaminku gaskiya ya faɗa, amma bari in fara da yadda abun yake kafin su shigo. A 1984 aka fara samun mai ɗauke da HIV a Tailan, zuwa 1991 an ƙiyasta mutum kusan dubu 143 ne suka kamu a wannan shekarar kaɗai, kuma arewacin ƙasar, wajejen Ciyan Mai da Ciyan Rai da Fayao, nan abun yafi muni. Lokacin babu maganin da talaka zai iya saya, mutum yana kwanciya sai dangi su ware masa kwanonsa, wasu ma a fitar dasu daga gidan gaba ɗaya, ƴaƴansu a hana su zama da sauran yara a makaranta, in mace tana sayar da abinci kuma aka ji mijinta ya mutu da ciwon toh kasuwarta ta mutu kenan.

Su malaman nan ba likitoci bane, basu warkar da kowa ba. Abunda suke dashi shine girma a idon mutane, kusan kowane ƙauye akwai wurin ibada kuma maganar malamin wurin tana da nauyi. Al'adarsu ce duk safiya su fita da ƙwaryarsu mutane su zuba musu abinci, a wajen mabiyan lada ne babba. Toh ki duba, matar da kowa ke gudun girkinta ta kawo abinci, malami ya karɓa ya ci a gaban jama'a, washegari an ganshi lafiyarsa ƙalau, wa kuma zai sake cewa ana ɗaukar ciwon a kwano? A ganina wannan shine mafi girman abunda suka yi, dan takardar faɗakarwa dubu da aka manna a bango ba zata cire tsoro daga zuciyar maƙwabci kamar yadda ganin ido zai cire ba. Haka suka riƙa shiga gidajen marasa lafiya suna zama kusa dasu, suna jagorantar jana'izar da mutane ke tsoron zuwa, ragowar abinci da kayan da aka basu sadaka kuma su mayar wa marayu da tsofaffin da aka bar wa jikoki.

Sanin ciwon kuma koya musu aka yi. A 1997 aka fara wani shiri mai suna Sangha Metta a Ciyan Mai, daga baya UNICEF ta tallafa, ana tara malamai maza da mata masu ibada a koya musu yadda ƙwayar take yaɗuwa da yadda bata yaɗuwa da yadda ake ba mutum shawara ba tare da an tona masa asiri ba, sai su saka abun cikin wa'azinsu da harshen addininsu, tunda dama cikin dokoki 5 da mabiya ke ɗauka akwai barin fasiƙanci da barin maye, kuma tausayi ginshiƙi ne a wajensu. Shirin ya tsallaka har Kambodiya da Laos da Myanmar.

Yanzu ga inda ku ƴan sa-kai kuke shigowa. Malamin Buda a Tailan baya taɓa mace, kuma da yawansu basa rabon kwaroron roba ko nuna yadda ake amfani dashi, toh wannan aikin sai ya zama na mutanen gari, da ƙungiyoyin masu ɗauke da ƙwayar waɗanda sau da yawa a harabar wurin ibadar suke taronsu, da ƴan sa-kan lafiya na ƙauyuka da ƙasar ta fara samarwa tun ƙarshen shekarun 1970 yanzu sun kai kusan miliyan 1. Su ke zuwa gida gida, su yi wa majinyaci wanka, su raka shi asibiti, da magani ya samu kuma su riƙa tuna masa lokacin sha. Kar kuma a manta gwamnati, shirin kwaroron roba ɗari bisa ɗari a gidajen karuwai da aka faɗaɗa ƙasa baki ɗaya a 1991 shi ya karya lagon yaɗuwar, zuwa 2003 sababbin kamuwa sun sauko kusan dubu 19. A 2016 WHO ta tabbatar Tailan ce ƙasar farko a Asiya da ta kawar da yaɗuwar HIV daga uwa zuwa jariri.

Akwai wurin ibadar Buda ɗaya da zaki ji sunansa sosai, Wat Phra Bat Nam Phu a lardin Lopburi, wanda tun 1992 yake karɓar waɗanda dangi suka yasar su ƙarasa kwanansu a hannu mai tausayi. Mutane da yawa sun samu mafaka a nan, amma a 2025 ƴan sanda sun kama shugaban wurin bisa zargin almundahana da kuɗin gudummawa. Abun ya min ciwo wallahi, kuma in ƙungiyarku tana karɓar kuɗin taimako ku riƙa rubuta komai kuna nuna wa jama'a tun daga naira ta farko.

TAMBAYA: Anti yayata an gwada ta tana dashi, mama tace a ware mata kofi da cokali. Ya zanyi?
Wani ɗalibi daga Maraɗi

AMSA: Ƙanina Allah ya bata lafiya. HIV bata bi ta kofi ko cokali ko gaisawa ko cizon sauro, hanyarta jini ne da saduwa da kuma uwa zuwa jariri. Kar ka yi wa mama gardama, tsoro ne yake damunta, lallaɓa ta ku je asibitin tare ma'aikaciyar lafiya ta yi mata bayani da bakinta, kai kuma ka zauna ku ci abinci kwano ɗaya da yayar taka mama tana gani. Ka tsaya mata ta riƙa shan maganinta kullum babu fashi, dan wanda ya riƙe magani har ƙwayar ta daina fitowa a gwajin jini yana rayuwarsa lafiya kuma baya shafa wa abokin aurensa. Reza da abun yankan farce ne kawai kowa ya riƙe nasa.