Amsa kan jan-baki, feshi, da tsuntsayen da suka ɓace a gonakinmu

Wa'alaikumus salam, Malam. Ka ce tsuntsun jan-baki ya cinye muku shinkafa bara, kuna neman a kawo jirgin feshi, masu kare tsuntsaye kuma sun ce kada a yi. Ka kuma tambaya ko da gaske ne shamuwa da balbela sun ragu, ko surutun 'yan boko ne.

Asarar da kuka yi gaskiya ce, kada kowa ya raina ta. Jan-baki ɗaya bai fi giram 20 ba, amma yana cin hatsi kusan giram 10 a yini. Garken miliyan biyu ke nan zai iya cinye tan 20 kafin rana ta faɗi. Sai dai asalin abincinsa ƙwayar ciyawar daji ce. Yana dira gona ne idan ta yi ƙaranci, ko idan ya tarar da shinkafa ta yi nono. Daga nan zuwa yanka, mako uku ne zuwa huɗu. Faɗanku da shi na wata guda ne.

Maganin da ake fesawa ta jirgi, fentiyon, ba ya tantance tsuntsu. Da magariba ake watsa shi a makwancinsu, cikin kachala ko sarƙaƙiya, kuma duk abin da ya kwana a wurin ya shaƙa. Da safe shirwa da shaho da zalɓe su sauko su ci gawarwakin, su ma su bi. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne yara da ke zuwa da buhu su kwashe matattun, a soya, a kai kasuwa. Bayan duk wannan, wani garken yakan sake zuwa daga wani wuri, domin jan-baki ba ya zama wuri ɗaya, damina yake bi.

A fadamar Haɗejiya da Nguru, tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwa ta canza. Ruwa ya daina ja da baya sosai da rani, kachala ta cika hanyoyin ruwa, jan-baki ya sami ɗaki. Wurin nan ne kuma tsuntsayen Turai ke sauka da sanyi, shi ya sa aka shigar da tafkin Nguru jerin Ramsar, wato jerin fadamu masu muhimmanci a duniya da ake karewa, a 2000. Sare kachala a buɗe hanyar ruwa aiki ne da manomi da mai kare tsuntsu ba su da saɓani a kansa.

Raguwar tsuntsayen da ka tambaya kuwa, tambayi kowane dattijo yaushe rabonsa da jin kukan gauraka. Makwarwa da zabon daji a ƙasa suke ƙwai, cikin saura da ciyawar iyakar gona, yanzu an nome saura, an bi iyaka da maganin ciyawa, abin da ya rage wuta ta cinye da kaka. Shamuwa da balbela fāra suke ci. Idan aka jiƙa gero da guba aka watsa a bakin gona, kurciya da makwarwa ne ke fara tsinta, jan-bakin kuma yana can kan zangarniya.

Abin da ya fi aiki shi ne ku shuka tare. Gonar da ta nuna ita kaɗai, kafin na kowa ko bayan na kowa, ita garken ke tarar wa. Idan fadama duka ta nuna cikin mako biyu, ɓarnar ta rarrabu, masu kora ma sun wadatu. Ku zaɓi iri mai saurin nuna, irin su FARO 44. Ku cire ciyawa da kyau, domin ƙwayarta ce ke fara jawo su, suna gamawa su koma kan shinkafa.

Kora daga hudowar rana zuwa hantsi, sannan daga la'asar zuwa magariba, nan ne suke cin abinci. A kafa rumfa mai tsawo, a ja igiyoyi zuwa kusurwoyin gona da gwangwanaye masu tsakuwa a ciki. Mutum-mutumi da zaren kaset suna aiki kwana kaɗan ne, sai tsuntsun ya saba, don haka a riƙa canza musu wuri. Ƙaramar gona, musamman ta iri, a rufe ta da raga, amma a ɗaure ta tam a kan sanduna. Raga mai sako-sako tana kwanciya a kan shinkafa su ci ta cikin ido, tana kuma kama tsuntsayen da ba ruwansu. Da kashi 80 cikin 100 na ƙwayar shinkafa ya yi ja, a yanke, kada a bar dami a fili.

A ƙasar Chadi akwai masu kama jan-baki da taru cikin dare su kai kasuwar N'Djamena, nama ne mai tsabta muddin ba a yi feshi ba. Idan garken ya fi ƙarfinku har sai an kira ma'aikatar gona, ku dage a tabbatar makwancin na jan-baki ne, ba kusa da ruwan sha ba, a sanar da gari tun kafin ranar, a tattara gawarwakin da asuba a binne su. Gawo da tsamiyar da shamuwa ke sheƙa kuma ku bar su tsaye, jan-baki ba a can yake kwana ba.