Kada ka sayi baka kafin ka iso

Ƙanena, na ga saƙonka. Barka da samun gurbin karatu, Allah ya sa a fara a sa'a. Ka ce kana son shiga kulob ɗin harbin kibiya na jami'a da zarar ka sauka Ingila, har ka ga wani baka mai ƙarfin ja na fam 45 (fam na nauyi, ba na kuɗi ba) a intanet, kana shirin saye ka taho da shi. Don Allah ka dakata.

Yawancin kulob a nan ba sa barin sabon shiga ya tsaya a layin harbi sai ya gama kwas na 'yan koyo, kuma su ne ke ba ka aron baka da kibau a lokacin. A waɗannan makonnin ne jikinka zai gaya maka irin bakan da ya dace da kai, abin da hoto ba zai gaya maka ba.

Fam 45 ɗin nan ne ya fi damuna. Wannan ƙarfin ja ne irin na waɗanda suka shekara da shekaru suna harbi. Babban mutum mai lafiya yakan fara ne da fam 18 zuwa 24. Na san za ka ce kana ɗaga ƙarfe, amma ja ɗaya ba shi ne aikin ba. Za ka ja tsirkiya har haɓarka, ka riƙe, ka daidaita, ka saki, ka maimaita sau sittin ko fiye a zama guda, kuma da naman bayanka ake so ka ja, tsakanin allunan kafaɗa, ba da damtse ba. Idan baka ya fi ƙarfinka, kafaɗa za ta ɗage sama, hannu ya riƙa rawa, ka saba da sakin kibiya tun ba ka gama ja ba. Wannan sabon yana da wuyar bari, ciwon kafaɗa kuma ya raba mutane da yawa da wasan tun ba su ji daɗinsa ba.

Sai tsawon janka, wato nisan da kake jan tsirkiya. Ka ware hannuwanka biyu, wani ya auna maka daga kan yatsa zuwa kan yatsa, ka raba da 2.5. In awon hannuwan ya ba da inci 70, janka kusan inci 28 ke nan. Ƙiyasi ne kawai, koci zai auna maka na gaskiya da baka a hannu. Ƙarfin da ake rubutawa a jikin baka a kan jan inci 28 ake lissafa shi. Kowane inci da ka ƙara yana ƙara maka kamar fam 2. Dogon mutum irinka zai ji nauyin da ya wuce abin da aka rubuta. Kibiya ma dole ta fi janka tsawo, domin gajeriya tana iya zamewa ta soki hannun da ke riƙe da bakan.

Kada kuma ka ɗauka cewa tunda kai ba bahago ba ne shi ke nan. Koci zai duba wane ido ne ya fi rinjaye a wurinka, kuma hakan yana iya canza hannun da za ka ja da shi. Bakan dama daban, na hagu daban.

In lokacin saye ya yi, shawarata ka nemi irin wanda ake harhaɗawa, mai lanƙwasassun bakuna, irin na gasar Olamfik inda ake harbi daga mita 70. Mariƙinsa daban, fikafikansa biyu, wato sassan sama da ƙasa da ke lanƙwasawa in an ja, daban. Ka tabbata na tsarin ILF ne, wato tsarin bai-ɗaya na haɗa fikafikai da mariƙi, don fikafikan kamfanoni da yawa su shiga. Mariƙi mai inci 25 da matsakaitan fikafikai suna ba da baka mai inci 68, da dogaye kuma inci 70. Ka zuba kuɗinka a mariƙi, shi zai daɗe tare da kai. Fikafikai ka sayi masu araha ko na hannu, tunda cikin watanni za ka canza su yayin da ƙarfinka ke ƙaruwa. Akwai baka mai 'yan tayoyi a bakunansa, wanda ke rage nauyi idan ka gama ja, amma sai an saita shi daidai tsawon janka, don haka ka bari tukuna.

Abu ɗaya da ba na so ka manta ko a hannun wa ka ga baka: kada ka ja tsirkiya ka saki babu kibiya. Ƙarfin da kibiya za ta tafi da shi cikin fikafikan yake komawa, suna iya tsagewa a fuskarka.

Kafin ka taso, ka nemi robar motsa jiki mai sauƙi, ka riƙa janta zuwa haɓa a gaban madubi kana lura kafaɗarka ba ta ɗage ba. Ka kuma rubuta wa kulob ɗin tun yanzu ka tambayi ranar da kwas zai fara, don gurbin yakan cika a makonnin farko na zango.