Wuƙar nan da ka turo hotonta, kar ka biya

Toh yaro na ga hotunan. Ka ce mai ita ya rantse maka ta asali ce, irin wadda samarin ƙungiyar Hitler ke ratayawa a ƙugu, a ruwan wuƙar akwai rubutun nan na Jamusanci Blut und Ehre, wato jini da daraja, ɗaya gefen kuma an buga RZM M7/66 da 1941, kana tambaya ko ka biya. Kar ka biya wlh.

Kai idonka ya tafi kan tambarin ƙota, ja da fari ɗin nan mai sheƙi, shi kuma mai jabu ya san nan kowa ke fara kallo shiyasa nan yake kashe kuɗinsa. Ni abin da nake dubawa shine ko duk alamomin da ke jikinta lokaci ɗaya suke nunawa. An fara yin wuƙaƙen nan a 1933 a garin Solingen na Jamus, na farkon su ne masu rubutun, a 1938 aka ce a daina sa shi. Toh ta yaya wuƙar 1941 za ta zo da rubutun da aka bari shekara uku kafin a ƙera ta? Lambar kanta ba matsala, M7/66 ta kamfanin Carl Eickhorn ce masu tambarin kurege, RZM kuma ofishin jam'iyyar Nazi ne a Munich mai ba da lasisin kayan sarki. Ko dai wuƙar 1941 ce ta gaske wani ya zo daga baya ya ci rubutun da asid don mai rubutu ta fi tsada, ko kuma gaba ɗayanta jabu ce, kowanne ne dai kuɗinka ya ƙone.

In ka samu wata a hannu, ba a hoto ba, ka sa mata maganaɗisu a kan ƙota. Na farko ƙarfe ne aka shafa masa nikel, zai kama, na baya da yaƙi ya matsa aka koma tutiya, ba ya kamawa, kuma za ka ga shafen yana kumbura yana ɓarewa. Na farko sosai ruwan wuƙar a miƙe yake har gindi, daga baya ne aka bar ɗan tudu kusa da ƙota inda ake buga lamba. Akwai na tsakani, wajen 1936 zuwa 1938, masu tambarin kamfani da RZM da rubutu duk a tare, waɗannan halal ne kar ka ce jabu ne don ka ga abu uku. Sai ƙusoshi biyun da suka riƙe baƙin bakelait ɗin ƙota, wato robar nan mai tauri, in ka ga sawun guduma ko sun fi sauran jikin sabunta toh an buɗe ta. Me ya sa ake buɗewa? Bayan 1945 Solingen sun ci gaba da yin irin wuƙar nan sak wa 'yan sikawut da tambarin fure, mutane su cire furen su dasa na Nazi. In ka ga an buga Germany da Turanci a ruwan wuƙar ka ajiye masa kayansa. Tambarin asali sau da yawa yana ɗan motsi in ka taɓa don da 'yan ƙafafu aka lanƙwasa shi ta ciki, wanda aka manna da gam ƙam yake, amma kar ka dogara da wannan kaɗai, masu jabu ma sun ji labarin.

Kuma kar wani ya ruɗe ka da cewa ba a samunta. Yara miliyoyi aka tura ƙungiyar nan, daga 1939 ma dole ce, tun suna shekara 10 ake cusa musu aƙidar da ta hallaka mutane, an yi ta ƙera wuƙaƙen har 1942, suna nan birjik. Ka yi haƙuri wata za ta zo. Sannan in za ka sayar kuma mai saye yana Jamus ka kula, dokarsu ta hana baje tambarin Nazin nan a fili, eBay ma ba sa karɓa.

Gobe ka zo da gilashin ƙara girma, akwai guda biyu a shago zan ajiye maka su gefe da gefe ka faɗa min wacce aka taɓa ƙusarta.