Sahad ko Singa don cefanen wata?

Hajiya, kin tambaya ko a babban kantin Sahad Stores za ki riƙa cefanen wata ko a kasuwar Singa da ke Kano. Ki raba shi biyu. Buhun shinkafa mai kilo 50, katan ɗin taliya da jarkar mai sun fi sauƙi a Singa, don farashin sari ne. Madara da sabulu kuwa na fi son Sahad, farashi a rubuce, ba ciniki, ga sanyi.

Kowane kanti kika shiga, ki duba ranar lalacewa da lambar NAFDAC. Gwangwanin tumatir in ya kumbura, ya lalace. Kajin firiza in ƙanƙara ta dunƙule cikin ledarsu, narkewa suka yi suka sake daskarewa, don Allah kada ki saya.