Lambar Green Ribbon: da kuɗi a ciki?

Malam, ka tambaya ko gundumar makarantun yaranka a Amurka za ta samu kuɗi idan ta ci lambar Green Ribbon, wato lambar yabo ga makarantun da ke kula da muhalli. A'a, babu ko sisi, karramawa ce kawai. Ma'aikatar Ilimi ta Amurka ta ƙirƙiro ta a 2011, aka fara bayarwa a 2012, sai a 2013 aka shigar da gundumomi sukutum, amma a 2025 ma'aikatar ta daina bayar da ita. Kuma a lokacin da ake bayarwa, gunduma ba ta nema kai tsaye, hukumar ilimin jiharta ce ke gabatar da ita.

Amma dashen itatuwa kaɗai bai isa a ci lambar ba. Abu uku aka riƙa dubawa tare: rage ɓarnar wuta da ruwa, lafiyar ɗalibai da malamai, da koyar da sanin muhalli a aji. Na tsakiyar ne ya fi damuna, domin 'yata na fama da asma. Tun da makarantarsu ta hana motocin ɗaukar yara tsayawa bakin ƙofa inji a kunne, ta kuma canza matatun iskar ajujuwa, maganin shaƙar da ke jakarta ya daina saurin ƙarewa. In ka je taron iyaye, fara tambayarsu batun iskar aji.